Harbin Maƙeri

Da na je gida a bana, na nemi maƙerar mahaifina a Ƙofar Kware na rasa. Sau biyu ina wuce ta. A karo na uku ne na gane ta, da wani dutse da ke bakin kwata wanda manoma ke zama a kai suna jiran a gama musu garma. Wurin ya zama shagon gyaran waya. An shafe ƙasa da siminti, an yi wa bango shuɗin fenti, an jera wayoyi a kan katako kowace da igiyarta kamar awaki a turke. Mai shagon ya tambaye ni ko caji zan yi. Na ce a'a, tsayawa kawai na yi. Ya kawo mini kujera ya koma kan aikinsa. Ina jin ya ɗauka tsufa ne ya tsayar da ni, kuma bai yi kuskure sosai ba.

Na zauna ina sauraro. Duk da hayaniyar babura da janareta, a kunnena wurin shiru yake. A zamaninmu unguwar ba ta da agogon da ya wuce maƙera. Da gari ya waye za ka ji zugazugi ya fara numfashi kamar tsohon da ya hau tudu, sannan masaba ta shiga, babba da ƙarama, ɗaya na tambaya ɗaya na amsawa. Da wannan ƙarar mata a cikin gida ke sanin lokacin ɗora kunu, in ta tsaya kuma sun san azahar ta yi. Warin gawayin ƙirya ya kama tufafinmu har ba ma jin sa, sai mun shiga sahu ranar Juma'a wani ya waiwayo ya ce ɗiyan maƙera sun iso. Daga baya na yi aiki a wuraren da inji ɗaya ya fi zaurenmu girma, a Legas, a Abijan, a tashar jiragen ruwa ta Hambug. A can ƙarar ƙarfe ba ta da mai ita. A unguwarmu kuwa makaho ma yana iya gaya maka wannan dukan na wane ne, kuma yau a fusace ya tashi ko cikin nishaɗi.

Aikin shekara yana da tsarinsa. Kafin damina garma da hauya, in hatsi ya nuna lauje da magirbi, a tsakani kuma wuƙaƙe da ƙofofin ƙarfe da duk abin da ya karye a gidan wani. Sai an kai amfani rumbu maharba ke shigowa, kowa da bindigarsa naɗe a tabarma. Adaka ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Baba ba ya son a kira shi maƙerin bindiga, yakan ce shi maƙerin abinci ne, bindiga dai tana gadin abin da garma ta noma. Amma kowa ya san in bututun bindiga ya tsage ana son ɗora sabo a kan tsohuwar ƙota, wurinsa ake zuwa, daga Kware har ƙauyukan da ke hayin gulbi.

Ina iya rufe ido yanzu in ga yadda yake yi. Zai shafa wa ƙarfen baƙin tukunya, ya kwantar da shi a cikin kwarin da aka sassaƙa a ƙota, ya ɗaga. Duk inda itacen ya yi baƙi, nan ne suke gardama da ƙarfen, sai ya kankare wurin kaɗan, kaɗan ƙwarai, abin da bai fi ɓawon albasa ba. Ya sake shafawa, ya sake kwantarwa. Yini guda yana iya ƙarewa a haka, mai bindiga na zaune yana hamma. Sai ƙarfe da itace sun kwanta da juna babu inda iska za ta ratsa, sannan a zo kan ƙusa, ita ce 'yar sandar ƙarfen da ke ratsa ƙota ta riƙe bututun. Ba ya yarda a tilasta mata. In ta ƙi shiga, ya ce aikin baya ne bai yi ba, a koma. Lokacin ina ganin ɓata rana ce kawai.

Bayan wannan duka akwai abin da ake kira harbin maƙeri, kuma a kansa nake wannan rubutu. Bindigar da aka ɗora wa sabon bututu ba ta komawa hannun mai ita sai an fitar da ita bayan gari. Akwai wata tsamiya a hayin gada, nesa da gidaje, da maƙeran unguwarmu suka gada. A jikinta ake ɗaure bindigar, a cika ta fiye da yadda maharbi zai taɓa cika ta, a ɗaura doguwar igiya a kunamarta, maƙeri ya koma bayan wani suri ya ja. Sau uku. In ta jure, sai ya kwance ta ya dafa ta a kafaɗarsa ya harba da hannunsa. Daga nan ne zai dawo ya buga alamarsa kusa da ƙusa. Ta Baba 'yan tsagu uku ce a jere. Ma'anarta ita ce, wannan ƙarfen in zai ci mutum, ni ya kamata ya fara ci, kuma na ba shi dama bai ci ba. Maharbin da ba ya karatu yana karanta wannan alamar da babban yatsansa.

Ni na taso ne a daidai lokacin da ƙasa ta fara jin ƙamshin man fetur. Manyan motoci na fitowa daga Kalambaina da buhunan siminti, ba su isa ba ana ƙara shigo da na waje. Ko'ina ana fasa hanya, ana tada bene. Samarin da iyayensu ke jima ko saƙa ko ƙira suka watse zuwa ofis da kamfani, rediyo a kafaɗa, agogo a hannu. An tura ni makarantar koyon sana'a a Kaduna, inda aka yi ta dariyar Sakkwatancina har na koyi lanƙwasa harshe, na dawo na sami aiki a garejin wani kamfanin gina hanya. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina da sabon babur, ina jin Turanci, na tsinci Italiyanci a bakin shugabannin aiki, kuma an sa sunana cikin waɗanda za a tura ƙasar waje ƙarin horo. Ban raina Baba ba, Allah ya sani. Amma na fara kallon aikinsa irin kallon da ake yi wa tsohuwar rigar kaka, a girmama ta a ninke a ajiye. Sojoji ne ke mulki. Zamanin ana ɗaure 'yan fashi a jikin durom ana harbewa a bainar jama'a, saboda haka kalmar bindiga ta yi nauyi a baki fiye da da.

Kawu Arzika ba ɗan'uwanmu ba ne na jini. Abokin Baba ne tun suna samari, manomin shinkafa a wani ƙauye na bakin fadama, maharbi kuma in aikin gona ya lafa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya shiga wuri a ci gaba da shiru. Wata Asabar da hantsi, ina zaune a maƙera don ba aiki ranar, ya shigo da tabarma a hammata, ba kuwa lokacin maharba ba ne.

"Salamu alaikum, mai hura wuta! Har yanzu ba ka ƙone ba?"

"Wa alaikumus salamu," in ji Baba. "Wa ab buɗe ma ƙohwar gari, baƙauye? Zamna, kak ka taka man gawayi."

Ya zauna a kan dutsen nan ya warware tabarmar. Bindigar mahaifinsa ce, ƙotarta ta yi sulɓi don riƙo, bututun ya tsage kusa da gindi. Ya ce shinkafarsa ta fid da kai, mugun dawa, wato aladen daji, ya gano ta, garke guda, suna shiga suna birgima a ciki.

"In na ƙara kwana goma ba bindiga, bana sai dai ɗiyana su ci labari."

A shekarun nan yanar ido ta fara rufe wa Baba gani, da yatsa yake gani. Ya bi tsagar da babban yatsansa ya girgiza kai.

"Wagga ta gama aikinta, Arzika. Ta girme ka, kuma ta hi ka hankali, ta san lokacin hutu."

"To ɗora mata sabon ƙarhe mana. Ko hannun ya mutu, saura bakin?"

"Hannu na nan. Wata guda nika so."

"Wata guda! Kai da mugun dawa kun haɗa baki."

Nan na sa baki. Na ce a bayan garejinmu akwai tarin ƙarafan da aka zubar, a cikinsu na ga bututun da ya yi daidai, miƙaƙƙe, aikin inji, ba sai an sha wahalar ƙera wani ba. Kawu Arzika ya tafa hannu.

"Ka ji Injiniya! Allah shi yi ma albarka, ɗana. Bar tsohon ga da watanai."

Ran Litinin na kawo shi. Yana ƙyalli, santsi kamar kwalba. Baba ya rataye shi da zare, ya kai kunne kusa, ya ƙwanƙwasa da ƙaramar masaba daga sama har ƙasa. Ya sake. Sannan ya sauke shi.

"Muryatai ba ta yi man ba. Akwai inda taka shaƙewa."

"Baba, Turawa sunka yi shi, da inji. Ba hannu ya naɗe shi ba balle a samu kuskure."

"Don bindiga sunka yi shi?"

"A'a, amma ƙarhe ai ƙarhe na."

"To," in ji shi. "Ɗora shi kai da kanka, tunda idona ya gaza. Tsamiya za ta raba mu gardama."

Kwana huɗu na yi ina tasowa daga aiki in wuce maƙera. Abin mamaki, da na zauna da baƙin tukunya da 'yar wuƙar kankara, sai hannuna ya tuna abin da kaina ya raina. Na shafa, na kwantar, na ɗaga, na kankare. Baba na gefe yana jan carbi, lokaci lokaci ya miƙo hannu ya shafa ya ce saura nan. Ranar da na zo kan ƙusa, ta shiga da ɗan bugu mara ƙarfi, ta zauna daram. Ya karɓi bindigar ya jijjiga ta kusa da kunnensa, bai ji motsi ba. Ya bi gaɓar ƙarfe da itace da farcensa, farcen bai sami wurin shiga ba.

"Hannunka na maƙeri na," ya ce. "Kamfani aro sunka yi."

Tun da nake bai taɓa yaba mini aiki da baki ba sai ranar.

Washegari ya ba ni igiya da ƙahon albarushi. Gwiwarsa ba ta barin shi tafiya mai nisa, babur kuma ya rantse ba zai hau ba. Ya ce wanda ya ɗora ƙarfe shi ke da harbi. Na naɗe bindigar a tabarma na ɗaure a bayan babur na kama hanya da hantsi.

Kafin gada na hango layin motoci. Sojoji sun gitta durom da katako mai ƙusoshi, suna sauke mutane suna zazzage kaya. A gefen hanya wani magidanci, da gemunsa, yana tsallen kwaɗo riƙe da kunnuwansa, an ce adda aka samu a buhunsa. Na tsaya daga nesa kamar mai duba taya. Na tuna abin da ke bayana, bindiga ba takarda. Na tuna sunana a jerin masu tafiya waje, saura wata biyu. Wa zai tsaya ya saurari bayanin tsamiya da igiya? Na juya babur.

Har nan ban ga laifina ba, ko yau. Laifin yana gaba. Akwai wata hanyar, ta ƙafa, ta cikin fadama, wadda Baba ke bi da jaki tun kafin a yi gada. Yini guda ce zuwa da dawowa, cikin taɓo har gwiwa. Ina iya komawa gida in ce ga abin da na tarar, a jira kwana biyu. Ban yi ko ɗaya ba. Na ce wa kaina ƙarfen inji ne, wannan harbin al'ada ce ta zamanin da ake naɗa bututu da hannu, Kawu Arzika kuma shinkafarsa na lalacewa. A ƙarƙashin waɗannan dalilai masu kyau akwai na gaskiya, ba na son in koma in ce wa mutumin da ya yabe ni jiya na ji tsoro. Na gangara wani tsohon ramin da ake ɗibar ƙasar gini, na ƙona ɗan albarushi a bakin bututun don ya ɗauki wari da baƙi, na zubar da saura. Na sayi rake na zauna a inuwa ina sha har rana ta karkata.

Da na dawo Baba ya karɓe ta ya kai hanci.

"Ka kai ta ga tsamiya?"

"Na kai."

"Sau nawa?"

"Ukku."

"Ka dahwa ta ga kahwaɗa?"

"Na dahwa."

Ya yi murmushi. "Ashe kunnena ya tsuhwa. Ka yi gaskiya, Injiniya." Ya ce in miƙo masa kurfi, ɗan ƙarfen da yake buga alama da shi. Ya lalubi gefen ƙusar da yatsa, ya buga tsagu uku. Ina tsaye ina kallo. Tsakanin bugu na farko da na uku akwai lokacin da ya isa mutum ya ce dakata. Na auna wannan lokacin sau da yawa a rayuwata, ya isa.

Kawu Arzika ya zo ya karɓa yana ta zolaya, ya shafa alamar da yatsa, ya bar mana zabi biyu. Kwana tara bayan haka wani mutumin ƙauyensu ya iso a keke da safe, rigarsa duk jini. Ya ce a harbi na biyu ne bindigar ta fashe. Bututun ya buɗe a tsaye, daidai inda hannun hagu ke riƙewa, ashe yana da ɗinkin walda a ciki wanda ido ba ya gani. An kawo Kawu Arzika asibiti a bayan motar shinkafa. Likitoci suka yanke hannun daga wuyan hannu.

Na kai Baba asibiti a tasi. Kawu Arzika na kwance, fuskarsa ta yi fari, dungun naɗe da bandeji. Da ya gan mu ya yi ƙoƙarin dariya.

"Mai hura wuta, ka rage man aikin wankin hannu."

Baba ya zauna a bakin gado ya riƙe hannun daman abokinsa da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa ganin ya yi kuka ba, ko ranar da aka binne Inna. Ni ina bakin ƙofa ina karanta wata takardar da aka manna a bango game da allurar rigakafi, na karanta ta ta fi sau goma.

Bayan mako guda dattawan maƙera suka taru a zauren Sarkin Maƙera, kamar yadda ake yi in aikin wani ya cuci mutum. Aka ajiye fasasshiyar bindigar a tsakiya. Wani dattijo ya ce an ji ni ne na ɗora ƙarfen. Baba ya ce a duba kusa da ƙusa, alamar wa ke nan? Aka ce tasa. Ya ce to magana ta ƙare, aikinsa ne, kuma daga yau ya bar taɓa bindiga. Ina zaune a baya cikin samari. Na buɗe baki, na ga idanun mutane, na rufe. Daga ranar maharba suka daina zuwa, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da ya fi ciwo shi ne manoma ma sun ragu. Mutumin da aka ce kunnensa ya daina jin ƙarfe, wa zai ba shi garma? Na ga dutsen bakin kwata ya yini ba kowa a kai. Da lokacin tafiyata ya yi na tafi, kuma in faɗi gaskiya, da sauƙin zuciya na hau jirgi.

Shekaru bayan haka, ina aiki a Turai, wani abokin aikina ɗan Beljiyam mai son farauta ya kai ni garinsu, inda ake ƙera bindigogin farauta masu tsada. Ya nuna mini wani gini mai kaurin bango. Ya ce duk bututun da aka ƙera, kome sunan kamfanin da ingancin injinsa, sai an kawo shi nan an cika shi fiye da kima, an rufe ƙofa, an harba daga bayan bango. Wanda ya jure a buga masa hatimi. Na tambaye shi da Faransanci ko har na inji. Ya dube ni kamar na yi tambayar yara, ya ce musamman na inji. Na nemi wuri na zauna. Na ƙetare teku, na koyi harsuna huɗu ban da nawa, don a nuna mini tsamiya da igiya a cikin ginin dutse. Na yi niyyar rubuta wa Baba wasiƙa a makon. Na fara ta sau uku. Wani ne zai karanta masa, na ce, ba maganar da za ta bi ta bakin wani ba ce, sai na koma gida. Kafin in koma aka aiko mini ya rasu.

Sai da na yi furfura na iya zuwa ƙauyen Kawu Arzika. Na same shi a ƙofar gida bayan azahar, ya tsufa ƙwarai, ya ƙanƙance, amma bakin na nan.

"Wa nika gani? Injiniya! An ce ka zama Bature, ashe baƙi ka dawo."

Muka gaisa, aka kawo fura. A jingine da bango na ga wata hauya da ban taɓa ganin irinta ba, ƙotarta na da wani zoben ƙarfe da ɗamarar fata. Ya ga ina kallo. Ya ce Baba ne ya ƙera masa, yana zura dungun a ciki ya ɗaure, ya yi noma kamar kowa. Ya ce sai da Baba ya yi guda shida kafin ya sami wadda ba ta cin fata, yana lalube, yana zuwa da kansa a kan jaki yana gwadawa.

Na ajiye ludayi. Na ce, "Kawu, na zo da magana. Bindigar nan ban kai ta ga tsamiya ba. Ban harba ta ba ko sau guda. Ƙarya na yi wa Baba."

Ya ci gaba da dama furarsa. Ya sha, ya goge baki da dungun.

"Na sani."

Ya ajiye ƙwaryar ya ci gaba.

"Ina asibiti ubanka ya hau jaki ya bi ta fadama har tsamiya. Ya tambayi masu gonakin wurin ko sun ji harbi ranar. Sunka ce rabonsu da jin harbi tun bara. Ya zo ya hwaɗa man, ni da shi, ba na ukku."

"Kafin taron maƙera?"

"Kahin."

"Me ya sa bai ce mini komai ba?"

"Na tambaye shi. Na ce kira yaron ga ka ci mutuncinai, ko ni in ci. Ya ce a'a. Ya ce shi ya buga alama bisa abin da bai gani ba, wannan laihin nashi na. Naka kuwa, ya ce a bar ka ka kawo shi da ƙahwarka, in an ƙwace ba ya da amfani." Ya dube ni da idanunsa da suka yi fari. "Ya jira, Injiniya. Duk wasiƙar da ka aiko, in an gama karanta mai sai ya ce, shi ke nan? A ce shi ke nan. Ya ce to."

Kaji na tono a gabanmu. Can cikin gida wata na daka. Na ce ya yafe mini.

"Na hannu na yahe tun ina kwance, in ban yahe ba mi zan yi da shi, in dasa? Na ubanka kuwa ba ni da ikon yahewa. Ka makara da wannan, sai dai ka yi mai addu'a."

Bai sassauta ba, bai kuma ƙara ba. Muka zauna har aka kira la'asar a masallacin ƙauyen. Ya jawo buta da ƙafa, ya dube ta, ya dube ni.

"Kullum da gwiwa nika karkata ta, rabin ruwan na zubewa ƙasa. Tunda ga ka da hannu biyu, zuba man."

Na durƙusa a gabansa na ɗauki butar. Ya wanke hannun dama. Sannan ya miƙo dungun, na gan shi kusa a karo na farko, fatar ta tattare ta yi kanta saboda ɗamarar hauya. Na karkata butar da gaggawa, ruwan na sauka a gefe.

"A hankali, ɗan maƙeri," ya ce. "Rijiyarmu da nisa."